Ƙibar Tsinke

"Tela, fito ki faɗa da bakinki. Rigar nan, wa ya buɗa ta?"

Matar Yaya ce tsaye a barandar hawa na biyu, ta ɗaga wata koɗaɗɗiyar riga da 'yan yatsu biyu kamar a kwata ta tsinto ta. Ta juyo da cikinta waje don kowa ya ga inda aka farke gefe aka ƙara ƙyalle. Ƙofofin 'yan haya duk sun buɗe. Mai wanke-wanke ta bar kwanukanta a bakin famfo, ruwa yana ta zuba babu mai rufewa.

Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki ta fito, tana karkaɗe zare daga zaninta. Ita dai a duniya babu abin da take so kamar a tambaye ta a gaban jama'a. Ga shi kuma mai tambayar ba ƙaramar mutum ba ce a wajenta, don Matar Yaya da ƙawayenta su ne masu kawo mata ɗinki na kirki, sauran 'yan gidan kuwa faci ne da sa maɓalli.

Mai rigar tana tsaye a bakin ɗakin da ke jikin na Tela. Tsinke ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba, don tun da aka kawo ta gidan, iska mai ƙarfi tana iya tafiya da ita. Mijinta shi ne ɗan tsakiya a wurin Inna. Da ya rasu bai bar mata ɗa ba, ita kuma ba ta da inda za ta, sai ta zauna tana jinyar tsohuwar, wadda ɓarin jikinta ya shanye har da harshe. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce kwasar kashi da fitsari. Babban Yaya, wan mijinta, da matarsa kuwa ƙarshen mako suke zuwa da leda cike da madarar gwangwani da ƙwai da hanta, su ajiye, su toshe hanci, su tafi.

To, a 'yan watannin nan Inna sai ƙara bushewa take, Tsinke kuwa sai cika. Fuskarta ta yi suntum, fatar idonta ta kumbura, silifas ɗinta ba sa shiga sai ta ja su da yatsu.

"Ni na buɗa ta, ranki ya daɗe," in ji Tela.

Da a nan ta tsaya da ba ta faɗi komai ba sai gaskiya. Amma ta ga idanu a kanta, daɗi ya kwashe ta.

"Ba sau ɗaya ba ma. Har na ce mata, ke Tsinke, a yi a hankali, tsinke fa ya kusa zama taɓarya."

Baranda ta ɗauki dariya. Tela ta ji dariyar har cikin ranta.

"Anti, wallahi tallahi ban taɓa sa abincin Inna a bakina ba," Tsinke ta ce. "Ko ɗanɗanon zafi a bayan hannuna nake yi."

"Rufe mana baki. Ai jiki magayi." Matar Yaya ta fizge labulen ɗakin. "Jama'a, ku leƙa ku gani. Ga mai madara can, ga mai shan madara nan."

Aka leƙa. Inna tana kwance kamar itacen da aka manta a rana. Da ta ga mutane sai ta fara gurnani, tana dukan katifa da hannunta mai lafiya, idonta a kan Tsinke, yawu na bin gefen bakinta. Tela ta sha jin wannan gurnanin ta jikin bango, ta san haka tsohuwar take yi in tana kiran Tsinke ta zo kusa.

"Kun ji ko?" in ji Matar Yaya. "Baiwar Allah ƙara take kawowa."

Babban Yaya ya hauro daga mota yana kaɗa makulli. Mutum ne da bai cika magana ba, mutane kuma suna ɗaukar hakan a matsayin hankali. Ya dubi uwarsa, ya dubi kumatun Tsinke.

"Ki tattara kayanki," ya ce. "Ƙanina ya mutu, ba zan bari ki bi da uwata ba."

Kafin rana ta yi sanyi an kawo wata mai aiki an sa a ɗakin, an kuma kafa kwaɗo a jikin kabad ɗin abinci. Mai kula da gidan ya tausaya wa Tsinke ya buɗe mata ɗan sito na ƙarƙashin bene, inda ake ajiye bokitai da tsofaffin gwangwanayen fenti. Ta shimfiɗa tabarma a tsakaninsu. In ta miƙe tsaye kanta yana taɓa matakala.

Wata da aka yi wa haka da ta yi zuciya ta bar unguwar. Tsinke kuwa wani lissafi ta yi, irin na wanda bai da kowa. Tunda ƙiba ce ta sa aka kira ta ɓarauniya, to rama ce za ta wanke ta. Sai ta daina cin abinci. Wata a gidan ta gaya mata ruwan zafi da gishiri da lemun tsami yana narkar da kitse, ta dinga ɗirka wa cikinta kofi bayan kofi. In kai ya sara mata, ta aika a sayo mata ƙwayar ciwon kai ta haɗiye bibbiyu. Tana yin haka tana ƙara cika. Kumburin ya haura daga ƙafa zuwa cinya, cikinta ya fito, numfashinta ya koma na wanda ya hau tsauni.

'Yan gida suka ce lallai biri ya yi kama da mutum. Wasu suka ce ta yanka wani makullin, wasu suka ce tun da can ta tara gwangwanaye a ƙarƙashin tabarma. Wata safiya Tela ta ci karo da ita a bakin banɗaki tana juye bokitinta. Ɗan fitsari ne kaɗan, launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, kumfa ta taru a kansa ta ƙi kwanciya. Tela ta kau da kai kamar ba ta gani ba, amma kafin azahar labari ya kai hawa na uku.

"Har fitsarinta kumfa yake," ta gaya wa masu jiran ɗinki. "Tsabar maiƙo."

Duk da haka Tsinke ba ta daina gaishe ta ba. Kullum in Tela za ta wuce sai ta ji muryarta daga ƙarƙashin bene: "Tela, ina kwana? Kin ji motsin Inna? An juya ta kuwa? Ki ce wa yarinyar nan ba ta son cokalin ƙarfe." Gaisuwar nan ta fi zagi damun Tela. Da ma ta zage ta, da sun yi ta ta ƙare.

Ranar da Tsinke ta faɗi, da rana tsaka ne, a bakin famfo. Ta sunkuya za ta ɗaga bokiti sai ta kife, jikinta ya hau karkarwa, idanu suka juye. Mata suka yi cirko-cirko suna salati, kowa na jiran wata ta fara taɓawa. Tela ce ta kira mai mota. Ko ita kanta ba za ta iya cewa tausayi ne ya sa ta ba, ko kuwa son ta zama ta farko da za ta dawo da labari. Wataƙila duka biyun ne.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗebi ɗan fitsarin da ya samu, aka ba ta gado kusa da taga. Washegari da hantsi likitar ta zo, wata doguwar mata mai gilashi da gajiya a fuska. Ta kama hannayen Tsinke ta juya su, ta ga tabo baƙaƙe a bayan hannu har zuwa gwiwar hannu.

"Waɗannan fa?"

"Ƙuraje ne, likita. Sun yi ruwa watannin baya, lokacin da Inna ta yi gudawa ina ta wankin zannuwa. Ai sun warke da kansu."

"A fata sun warke," in ji likitar. Ta jawo kujera ta zauna. "Bari in gaya miki yadda abin yake. Kin san rariya?"

"Ta tankaɗe?"

"Ita. To a cikin ƙodarki akwai irinta ƙanana ƙanana, ba sa ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. Jini yana bi ta cikinsu dare da rana. Su zubar da datti da ruwan da ya yi yawa, su riƙe abin da jiki ke so. Da ƙwayar cuta ta shiga ƙurajen nan, sojojin jikinki suka taso mata, kuma sun yi daidai. Amma kowane soja in ya kama abokin gaba riƙe shi yake, su dunƙule tare. Jini ya kwaso dunƙulen nan ya kai su rariya, suka maƙale a ramukan."

"Sai suka toshe," in ji Tela, don ba ta iya jin magana ba ta sa baki ba.

"Da toshewa ce kawai da sauƙi. Da jiki ya ji akwai abokin gaba a wurin, sai ya turo wasu sojojin. Su kuma ba sa tambaya, duka kawai suke. Suna dukan abin da ya maƙale, suna dukan rariyar. Wurin ya yi zafi, ya kumbura, ya yayyage. Abin da ya kamata ya zauna a jiki, jini da sinadarin gina jiki, shi ke zuba a fitsari, shi ya sa kika ga ya yi duhu yana kumfa. Abin da ya kamata ya fita kuwa, ruwa da gishiri, shi ya rasa hanya ya taru a jikinki. Ba baƙo ne ya yi ɓarnar ba, 'yan gida ne."

Tsinke tana ta haki. Duk bayanin nan abu ɗaya ta tsinta a ciki.

"Likita, wato ba abinci ba ne?"

"Wane abinci? Baiwar Allah, ke da yunwa ta kusa kashe ki? Ruwa ne. Da za a matse ki, abin da zai rage bai kai yarinya ba."

Sai Tsinke ta yi dariya. Tela ta daɗe ba ta ji dariyarta ba, har ta manta Tsinke tana da wushirya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta kamo gefen mayafin Tela.

"Tela, kin ji da kunnenki ko? Ruwa ne. Don girman Allah ki je ki gaya wa Yaya. Ki gaya wa Anti. A faɗa a kunnen Inna, tana ji, wallahi tana jin komai. Ke suka tambaya ran nan, ke za su yarda da ke."

"Zan je," in ji Tela. "Yau ɗin nan."

A bakin ƙofa likitar ta tsayar da ita ta rage murya. Ta ce da an zo tun farkon kumburin da akwai abin yi, amma yawancin rariyoyin sun riga sun mutu sun zama tabo, ruwan gishirin nan da ƙwayoyin kuma sun ƙarasa abin da ya saura. Sai dai a gwada injin wankin ƙoda a babban asibiti, shi ma sai da dangin da za su tsaya mata. "Ke 'yar'uwarta ce?"

"Maƙwabciya ce."

"To ki nemo danginta da wuri."

Da ma akwai ɗinkin Matar Yaya da ta gama, sai Tela ta naɗe shi a leda ta kama hanya. A mota tana ta jera maganar a ranta, har tana jin daɗin yadda za ta faɗe ta, da rariya da sojoji da komai. Ta tarar da falo cike. Matar Yaya da ƙawayenta sun baje sababbin yadudduka a kan kafet, fanka na kaɗawa, ana ta zaɓe.

"Ga 'yar halak!" in ji Matar Yaya. "Wallahi kuwa. Yanzu muke maganarki. Duk waɗannan naki ne, in kin iya."

Tela ta durƙusa ta gaishe su. Idonta ya bi yaduddukan nan, aikin da zai riƙe ta wata da watanni.

"Ranki ya daɗe, dama Tsinke ce aka kwantar a asibiti."

"Ta ci har ta fashe?" in ji wata mai jan ɗankwali. Aka kwashe da dariya.

"Likita ta ce ƙoda ce."

"Ai dole," in ji Matar Yaya. "Hanta da ƙwai da madara kullum, wace ƙoda ce za ta ɗauka? Haƙƙin tsohuwa ne, tun a duniya." Ta ɗago kai ta dubi Tela sosai, hannunta a kan wani yadi mai ruwan zuma. "Ke ce fa shaidarmu, Tela. A gaban mutane kika faɗa. Ko akwai wata magana ne?"

Maganar tana nan a kan harshenta, kalma biyu ce tak. Amma in ta faɗe ta, to matar nan ta kori marar lafiya a kan ƙarya, a gaban ƙawayenta za a ce haka, kuma bakin Tela ne ya fara. Ta ga kanta tana fita daga falon nan hannu wofi, ta ga matan baranda suna tambayarta ina taɓarya. Tsoro ya kama ta, tsoro ƙarami mai ƙazanta, kuma ta san ko na mene ne.

"Wace magana kuwa, ranki ya daɗe? Cewa na yi dai in sanar da ku."

"To mun ji. Allah ya sawwaƙe. Zo ki auna Hajiya."

Tana cikin awo Babban Yaya ya ratsa falon zai fita. Tela ta rusuna ta ce masa sannu da fitowa, ya ɗaga mata makulli ya wuce.

Sai da ta kwana biyu kafin ta iya komawa asibiti. Ta sayi lemu a bakin ƙofa don kada ta shiga hannu rabbana. Tsinke ta ƙara cika, idanunta sun zama 'yan tsaga, an sa mata robar iska a hanci. Bakinta yana wani irin wari kamar na banɗaki. Amma tana jin takun Tela ta juyo.

"Kin je?"

"Na je."

"Kin gaya musu?"

"Na gaya musu mana. Komai da komai, har rariyar."

"Me Anti ta ce?"

Tela ta hau ɓare lemu don ta sami abin kallo. "Ta yi salati. Ta ce ita ba ta sani ba, sharrin shaiɗan ne. Har da hawayenta."

"Yaya fa?"

"Shi ai jikinsa ne ya yi sanyi. Ya ce in gaya miki ki yi haƙuri, ki yafe masa, ya zalunce ki. Ya ce yana nan tafe."

Tsinke ta daɗe tana kallonta ta cikin 'yan tsagar nan. Iska tana ta huci a cikin roba.

"Yaya ne ya ce in yi haƙuri?"

"Shi da bakinsa."

"Tela, ranar da ƙaninsa ya rasu a hannuna, Yaya bai ce min in yi haƙuri ba. Tambayata ya yi ina makullin babur." Ta numfasa da ƙyar. "Da cewa kika yi ya yi shiru ya fita, da na yarda."

Tela ta daina ɓarewa. Ɓawon lemu ya faɗi a cinyarta.

"Ba komai," in ji Tsinke. "Ki tafi da lemunki, an hana ni." Ta juya fuskarta wajen taga, a hankali, don juyin ma aiki ne a wurinta. Tela ta zauna har aka kaɗa ƙararrawar korar masu dubiya, Tsinke ba ta sake juyowa ba.

Da safe mai kula da gida ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce an bugo daga asibiti. Ya kuma ce ya sanar da gidan Babban Yaya, tunda ko ba komai matar ƙaninsu ce. Tela ta riga su isa. An zagaye gadon da labule, wata ma'aikaciyar jinya tana cire robobi tana naɗewa.

"Yauwa, taimaka min mu miƙar da ita," in ji ta. "Kama ƙafar nan."

Tela ta kama ƙwaurin da hannu ɗaya ta ja. Da sauran ɗumi a jikin, ga nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Da ta saki sai ta ga yatsunta sun bar rami huɗu a jere a kan fatar, masu zurfi, kowanne da siffar yatsan da ya yi shi. Ta tsaya tana jira su cike. Ba su cike ba.

"Haka ruwa yake yi," in ji ma'aikaciyar, ba tare da ta ɗago ba. "Kitse in kin danna dawowa yake. Wannan ko makaho ya taɓa ya sani." Ta kwashi robobinta ta fita.

Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, sannan Matar Yaya ta ɗage labule, Babban Yaya yana bayanta da waya a kunne. Ta tsaya daga wajen ƙafafu, dab da Tela, ta ƙare wa tudun da ke kan gadon kallo tun daga sama.

"Ikon Allah," ta ce. "Ko ciwon ajali bai ramar da ita ba. Tela, kin ga abin da nake faɗa ko?"

Ramukan nan huɗu suna nan a tsakaninsu, a fili, hasken taga yana sauka a kansu. Da Matar Yaya za ta sunkuyar da kai kaɗan da ta gani.

Tela ta kamo bakin zanin gadon ta ja shi ƙasa a hankali har ya rufe ƙafafun. Ta soke gefensa a ƙarƙashin katifa, ta bi shi da tafin hannu ta gyara inda ya tattare.